Tsohon gidan dutse a rajistar tarihi ta Ingila: abin da doka ta hana

Ana ta yaɗawa tsakanin 'yan uwanmu mazauna Ingila wai duk tsohon gidan da ya shiga rajistar gine-ginen tarihi ya zama na gwamnati, ko ƙusa ba ka isa ka buga ba. Ba haka ba ne. Gidanka ne, ka sayar, ka ba da haya, ka bar wa magada. Abin da dokar gine-ginen tarihi ta 1990 ta ce shi ne ka nemi izinin ƙaramar hukuma kafin ka rushe, ko ka yi canjin da zai taɓa siffarsa ta asali, kuma neman izinin ko sisi ba a biya. Yawancin gidajen gona na dutse irin na yankin Yorkshire suna aji na biyu (Grade II) ne, ajin da ya ƙunshi sama da kashi 90 cikin ɗari na rajistar.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne zaton fuskar gini kawai aka kare. Har ciki ne: murhu, matakala, katakon rufi. Rumbu da katangar da ke harabar tun kafin 1 ga Yuli 1948 su ma sukan shiga, ko takarda ba ta ambace su ba. Mutum ya ga taga ta ruɓe ya cire ya sa ta roba, ko magini ya kankare tsohon kwaɓin farar ƙasa da ke tsakanin duwatsu ya cusa siminti. Simintin ya kulle danshi, sanyi ya zo ruwan ya daskare, dutse ya dinga ɓarewa. A nan na ga hikimar dokar.

Yin irin wannan aikin babu izini laifi ne. A kotun majistare ɗaurin yana kaiwa wata 6, a babbar kotu shekara 2, tara kuma ba ta da iyaka. Cewa ba ka san gidan yana rajista ba, ba hujja ba ce, kuma magini ma ana iya gurfanar da shi.

Inda abin ya yi tsauri, a ganina, shi ne kan mai saye. Laifin ba nasa ba ne, amma hukuma na iya tilasta masa mayar da abin da mai gidan farko ya ɓata, komai daɗewa, da kuɗin aljihunsa. Ga shi tun 2012 aka soke rangwamen harajin VAT kan canje-canjen da aka amince da su. Kafin ka biya, duba rajistar Historic England, hukumar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, sannan lauyanka ya nemi takardar izinin kowane aiki da aka taɓa yi a gidan.