Duwatsun tunawa da sojoji a ƙauyukan Ingila: ga amsa, a daina maimaita tambaya

Kabari ne?

A'a, babu gawa a ƙarƙashi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta hana a dawo da gawarwakin sojojinta gida, aka binne su can Faransa da Beljiyam da sauran fagagen yaƙi. Iyalai ba su da kabarin da za su ziyarta, sai suka sassaƙa sunaye a dutse a tsakiyar gari.

Ya yi baƙi da gansakuka, in wanke shi?

Kul! Injin feshin ruwa da bilic suna cinye fuskar dutse, haruffan sunaye su shafe. Mai kyakkyawar niyya da burushin ƙarfe ya fi ruwan sama ɓarna.

Gwamnati ce ta gina su?

Karo-karo mutanen gari suka yi.

An ce doka tana kare wasunsu, me kariyar take nufi?

Idan dutsen yana cikin rajistar gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke kula da ita, dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990 ta haramta rushe shi ko sauya fasalinsa ba da izini ba. Laifi ne, har kotu. Yawancinsu suna mataki na II, wato na ƙasa a cikin matakan rajistar guda uku.

Babu sunan kakanmu a jiki, za a iya ƙarawa?

To, nan ne gizo ke saƙa. Wataƙila, amma ya danganta. Da farko, waye mai dutsen? Kwamitocin da suka tara kuɗin sun watse tuntuni, sau da yawa ba su miƙa wa kowa a rubuce ba. Dokar 1923 kan irin waɗannan duwatsu ta ba ƙananan hukumomi damar gyarawa, ba ta tilasta musu ba, don haka kada ka je kana daka musu tsawa. Idan yana harabar cocin Ingila, sai hukumar coci ta yarda. Idan yana rajista, ƙila a buƙaci izinin ƙaramar hukuma kuma. Sannan kowane ƙauye da ƙa'idarsa: wasu haifaffun gari kawai suka rubuta, wani lokaci ma uwa ce ta ƙi a saka sunan ɗanta, tana sa ran zai dawo. Kwantar da hankalinka, ana ƙarawa. Tara takardun shaida, ka tuntuɓi War Memorials Trust, ƙungiyar agaji mai kare irin waɗannan duwatsu, kafin ka kira mai sassaƙa.

Namu sojojin fa?

Akwai nasu a Zungeru da Lokoja, a ƙarƙashin hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila. Dokar 1990 ba ta shafe su ba.