Me ake nufi da daidaiton jirgin ruwa?

Duk sanda kwale-kwale ya kife a kogin Neja sai ka ji ana cewa lodi ne ya yi yawa, kuma gaskiya ne, amma inda aka ɗora kayan ma babbar magana ce da ba a cika yinta ba. Abin da injiniyoyi ke kira sitabiliti, wato daidaiton jirgi, shi ne ƙarfin da jirgi ke da shi na miƙewa da kansa bayan iska ko igiyar ruwa ta karkatar da shi.

Ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a nan. Nauyin jirgi da kayansa yana danna shi ƙasa, ruwa kuma yana tura shi sama daidai da nauyin ruwan da jirgin ya ture. To idan jirgi ya karkata, turin ruwan sai ya koma gefen da ya fi nutsewa ya ɗago shi, amma fa sai in nauyin yana can ƙasa a cikin jirgin, shi ya sa manyan jirage ke cika tankunan ƙasa da ruwan balas, wato ruwan ƙara nauyi, in ba su da kaya. In aka tara buhuna da babura da mutane a sama, nauyin ne zai rinjayi turin ruwan ya ƙarasa kifar da shi.

Haka ya faru da Vasa, jirgin yaƙin Suwidin a 1628. An jera masa igwa 64, ga shi dogo sama, ga ƙasansa ba isasshen faɗi da nauyi, ko kilomita 2 bai yi ba daga tashar Stockholm iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse a gaban jama'ar da suka zo kallo. Sai 1961 aka ciro shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro ni dai shi ne ruwan da ke kwance a cikin jirgi. Ɗauki faranti cike da ruwa ka ɗan karkata shi, duk ruwan zai gudu gefe guda, haka yake yi a jirgi, yana ƙara nauyi a daidai gefen da ke neman nutsewa. Jirgin Herald of Free Enterprise, mai ɗaukar fasinjoji da motoci, ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam a 1987 ƙofar gabansa a buɗe, ruwa ya mamaye filin ajiye motoci, cikin ƙanƙanin lokaci ya kife, mutum 193 suka mutu. Don haka yaron nan da ke kwashe ruwa da kwano a kwale-kwale mai yoyo wallahi aikinsa ba ƙarami ba ne, kuma fasinjoji in suka firgita suka ruga gefe guda, abin da ruwan nan ke yi su ma suke yi.