Waiwaye: Magajin gari na wa ne?

Idan kwata ta toshe, ba wanda yake neman shugaban ƙasa. Idan shara ta taru a bakin titi, ko famfo ya ƙafe, ko fitilun hanya suka mutu, sunan magajin gari ake kira, ko da doka ba ta ɗora masa rabin abin da ake tuhumarsa a kai ba. Shi ne kuma ake jira ya yanke ƙyalle a buɗe sabuwar makaranta, ya je jaje inda gobara ta tashi, ya zauna a taron unguwa ya sha faɗa. Da yawa suna ɗaukar wannan shiga cikin jama'a a matsayin ado, wai aikin gaske yana can cikin ofis. Wanda ya bi tarihin muƙamin zai ga ba haka abin yake ba, domin tun farko gardamar guda ce: wannan mutum wakilin masu mulki ne a cikin gari, ko wakilin gari ne a gaban masu mulki?

A Landan aka ga siffar abin da wuri. Wajen shekarar 1189 birnin ya samu magajin garinsa na farko, Henry Fitz-Ailwin, wanda ya riƙe kujerar har mutuwarsa a 1212. A 1215, lokacin da Sarki John yake cikin matsi yana neman goyon bayan attajiran birnin, sai ya ba su takardar izinin zaɓen magajin gari da kansu duk shekara. Amma da sharaɗi: wanda aka zaɓa zai tashi takanas ya je gaban sarki ko alƙalansa ya yi rantsuwar biyayya. Wannan tafiya ce ta rikiɗe ta zama jerin gwanon da har yau ake yi a birnin kowace shekara. Wato bikin da ake gani kamar wasa, asalinsa sharaɗin siyasa ne. Gari ya zaɓa, fada ta amince.

Sai dai a lura da su wane ne “gari” a wancan zamani. Ba talakawa ba ne. Manyan 'yan kasuwa ne da shugabannin ƙungiyoyin sana'a, kuma a garuruwan Ingila da yawa majalisar gari ta zama ta wasu 'yan gidaje, idan ɗaya ya mutu sauran su naɗa wanda suke so. An ɗauki ƙarnuka a haka. Dokar 1835 ce ta gyara garuruwa 178, ta ce masu biyan harajin gida su zaɓi kansiloli, kansiloli su zaɓi magajin gari, a kuma riƙa binciken kuɗin gari a fili.

Faransa ta bi wata hanya, kuma labarinta ya fi nuna yadda ake jan wannan kujera gaba da baya. A ranar 14 ga Disamba, 1789, 'yan juyin juya hali suka kafa doka cewa kowace gunduma, birni ce ko ƙauye, za ta samu majalisa da zaɓaɓɓen magajin gari. Abin bai daɗe ba. A 1800 Napoleon ya mayar da shi naɗi: a garuruwan da ba su kai mutum 5,000 ba wakilin gwamnati na lardi ne yake naɗawa, manya kuwa daga sama ake aiko da suna. Sai a 1882 aka bar wa dukan majalisun gundumomi, ban da Faris, ikon zaɓen magajin garinsu, dokar 1884 ta tabbatar da tsarin. Da gwamnatin Vichy, mai haɗin kai da Jamusawan mamaya, ta zo a 1940, ta sake komawa naɗi a garuruwan da suka haura mutum 2,000. Faris kuwa, saboda tsoron da mahukunta suke yi wa boren mutanenta, ta zauna ba magajin gari tun daga 1871 har 1977, lokacin da Jacques Chirac ya hau. Duk gwamnatin da ta ji tsoron jama'a, wannan kujera take fara kamawa, kuma wannan kaɗai ya isa shaida cewa ba ta ado ba ce.

Har yanzu magajin gari a Faransa bara biyu yake yi. Shi ne shugaban zartarwa na gundumarsa, yana tsara kasafin kuɗi, yana kula da ginin makarantun firamare da hanyoyin cikin gari da maƙabarta. Shi ne kuma jami'in ƙasa mai rajistar haihuwa da mutuwa, mai ɗaura auren hukuma, mai shirya rumfunan zaɓe. Idan ya rataya ƙyallen nan mai launin tuta, a madadin jamhuriya yake tsaye. Wannan tsari ya tsallaka teku tare da mulkin mallaka: Saint-Louis da Gorée a Senegal sun samu matsayin cikakkiyar gunduma a 1872, Rufisque a 1880, Dakar a 1887.

Ruwa da shara da fitilu, waɗanda yau ake gani kamar su ne aikin tun fil azal, daga baya suka shigo. Masana'antu ne suka cika birane da mutane, kwalara da taifot suka biyo baya. A nan sunan Joseph Chamberlain yake fitowa, magajin garin Birmingham daga 1873 zuwa 1876. A doka, kujerarsa ba ta da wani iko na a zo a gani, shugaban zaman majalisa ne kawai. Amma ya ja kansiloli suka sayi kamfanonin gas na birnin a 1875, suka karɓe ruwan sha a 1876. Dabararsa ita ce gas ya kawo riba a yi wa gari aiki da ita, ruwa kuwa ba za a nemi riba a kansa ba, ribarsa lafiyar mutane. Ya kuma rusa unguwannin marasa galihu a tsakiyar birni ya shimfiɗa babban titin kasuwanci. Wannan ɓangare ne masu yabonsa suke saurin wucewa: gidajen da aka gina wa waɗanda aka tasa ba su taka kara sun karya ba, kuma ba a tambaye su ba kafin a ɗaga gatari. Aiki ya yi kyau, shawara ce babu.

A Amurka kuma matsalar ta zo ta ɗaya gefen. A can shiga cikin jama'a ta yi yawa, har ta zama ciniki. Ƙungiyar Tammany Hall ta New York, wadda ta daɗe tana ɗora magadan gari tana saukewa, tana da wakili a kowace unguwa. Shi ne na farko a wurin jana'iza, shi ne a wurin biki, shi yake samo wa baƙon da ya sauka daga jirgi aiki, ya kai wa gwauruwa gawayin ɗumama ɗaki da sanyi. Ranar zaɓe kuma ya zo karɓar bashi. Ba a yi wa waɗannan mutane adalci idan aka ce ba su taimaki kowa ba, sun taimaka a lokacin da hukuma ba ta san talaka ba. Amma kuɗin daga baitulmalin gari yake fita ta hanyar kwangilolin da aka kumbura, kamar yadda asirin jagoran ƙungiyar, William Tweed, da mutanensa ya tonu a 1871.

Masu neman gyara suka ce to a raba gari da siyasa. Bayan guguwar 1900 da ta kashe aƙalla mutum 6,000 a Galveston, aka danƙa birnin a hannun 'yan kwamishinoni kaɗan, kowa da sashensa. Staunton ta jihar Virginia ta ɗauki manajan gari a 1908, Dayton ta bi sahu a 1914 bayan ambaliyar da ta yi mata ɓarna. Daga nan aka samu gida biyu da har yau suke tafe a Amurka: inda magajin gari yake da cikakken iko, yana naɗawa yana saukewa yana tsara kasafi, da inda ƙwararren manaja yake gudanar da ma'aikatu, magajin gari kuwa ya jagoranci zama, ya karɓi baƙi, ya yi jawabi. Mai zuwa da kuka yana bukatar sanin wanne garinsa yake bi, don kada ya yi ta buga ƙofar da ba mabuɗinta a hannun mai ɗakin.

Fiorello La Guardia, wanda ya riƙe New York daga 1934 zuwa 1945, ya nuna ana iya kusantar mutane ba tare da sayensu ba. Yakan bayyana a wurin gobara, yana da shirin rediyo duk Lahadi inda yake magana da mutanen birni kai tsaye, kuma a 1945, da masu rarraba jaridu suka shiga yajin aiki, ya karanta wa yara labaran zane na jarida ta rediyo. Ana yawan tuna wannan na ƙarshe. Abin da ya ba shi nauyi shi ne mutumin da ya yi shi ya riga ya gina gidaje da filin jirgin sama, ya kuma rage naɗin 'yan lele a ma'aikatun birni.

Shikago ta ba da darasin ta fuska biyu cikin shekara uku. A Janairun 1979 dusar ƙanƙara ta rufe birnin, aka kasa share hanyoyi, jiragen ƙasa na cikin gari suka riƙa wuce tashoshin unguwannin baƙaƙen fata ba tsayawa. Wata guda bayan haka magajin garin, Michael Bilandic, ya sha kaye a zaɓen fid da gwani a hannun Jane Byrne. Ita kuma, bayan ta hau kujerar, a 1981 ta kwashe kayanta ta tare a Cabrini-Green, rukunin gidajen gwamnati da kashe-kashe suka addaba. 'Yan sanda suka cika wurin, aka gyara abin da ya lalace, aka samu sauƙi. Bayan kamar mako uku ta koma gidanta, sauƙin ma bai daɗe ba ya bi ta. Ban ga laifin zuwan ba. Laifin shi ne ba abin da ya canja a takardar kasafi da zai tsaya bayan ta tafi.

Wannan giɓi ne Porto Alegre ta Brazil ta yi ƙoƙarin cikewa daga 1989, zamanin magajin gari Olívio Dutra. An raba birnin shiyya 16. Mazauna kowace shiyya suna taruwa su jera bukatunsu bisa muhimmanci, su zaɓi wakilai, wakilan su zauna da injiniyoyin hukuma a ga abin da kuɗi zai iya. Unguwannin bayan gari da aka manta da su suka fara samun kwalta da bututun ruwa da magudanai, domin su ne suka fi cika zauren taro. Bambancin wannan da taron jin koke na gargajiya shi ne a nan magana tana zama layi a cikin kasafi, kuma shekara mai zuwa ana iya tsayar da magajin gari a tambaye shi ina aka kwana. Birane da yawa a duniya sun ara, har da Faris, inda magajiyar garin ta lokacin, Anne Hidalgo, ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin manyan ayyuka daga 2014 don mazauna su zaɓi abin da za a yi. A Porto Alegre kanta kuwa ayyukan da aka amince da su suka yi ta taruwa ba a aiwatar ba, har aka dakatar da tarukan a 2017. Mutane ba sa gajiya da zuwa taro sai sun ga maganarsu tana faɗuwa ƙasa banza.

Akwai kuma salon haƙuri. Joko Widodo, da ya zama magajin garin Solo a Indonesiya a 2005, ya gaji matsalar masu kasa kaya kusan dubu da suka mamaye wani dandali a Banjarsari. Maimakon ya turo jami'an tsaro, sai ya riƙa gayyatarsu zama, fiye da sau 50, kafin a daidaita. Aka gina musu kasuwa, aka ba su rumfuna, suka tashi da kansu a 2006 cikin jerin gwano. A 2010 aka sake zaɓensa da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙuri'u, a 2014 ya zama shugaban ƙasa. Ba shi kaɗai wannan kujera ta ɗaga ba: Konrad Adenauer ya fito daga Cologne, Willy Brandt daga Berlin ta Yamma, Recep Tayyip Erdoğan daga Istanbul, kowannensu ya kai ga jagorancin gwamnatin ƙasarsa.

Daga ƙarshen ƙarni na 20 iska ta kaɗa wajen zaɓen magajin gari kai tsaye, don mutane su san wuyan wanda za su kama. Italiya ta koma haka a 1993. Landan ta yi ƙuri'ar raba gardama a 1998, ta zaɓi Ken Livingstone a 2000, shi ne ya kawo harajin shiga tsakiyar birni da mota a 2003. Shi ya sa yau birnin yake da magadan gari biyu: na tsohon tsakiyar birni, mai sarƙar zinariya da jerin gwano, da na dukan Landan, mai sufuri da sa ido kan 'yan sanda.

Amma waɗannan manya ba su ne yawancin masu riƙe da muƙamin ba. Faransa kaɗai tana da gundumomi kusan 35,000, kimanin rabinsu ba su kai mutum 500 ba. A irin waɗannan wurare magajin gari manomi ne ko malamin da ya yi ritaya, alawus kaɗan yake karɓa, ma'aikatansa wani lokaci sakatariya ɗaya ce mai zuwa kwana biyu a mako. Shi yake raba rigimar maƙwabta kan iyaka, shi ake tasa da tsakar dare idan mota ta yi hatsari, shi yake kai wa iyali labarin rasuwa. Lokacin boren masu rigunan ɗorawa, zanga-zangar tsadar rayuwa da ta ɓarke a 2018, a ofisoshin waɗannan mutane aka ajiye littattafan da jama'a suka rubuta kokensu, kuma su shugaban ƙasa Emmanuel Macron ya fara zama da su a Janairun 2019 da ya buɗe muhawarar ƙasa, domin su ne jami'an da jama'a ba su gama yanke ƙauna da su ba.

Kusancin yana da tsada. A watan Agustan 2019, Jean-Mathieu Michel, magajin garin Signes a kudancin Faransa, mai shekara 76, wanda yake kan kujerar tun 1983, ya tarar da wasu suna zubar da ɓaraguzan gini a gefen hanya. Ya tsaya ya ce su kwashe, su kuma jira a rubuta musu tara. Motarsu ta buge shi, ya mutu. A Disambar wannan shekara majalisar ƙasar ta zartar da dokar da ta ƙara wa magadan gari ikon cin tara, ta ɗaga alawus na masu ƙananan gundumomi, ta kuma wajabta wa kowace gunduma yin inshorar da za ta biya musu kuɗin lauya idan aka kai musu hari ko aka maka su a kotu saboda aikinsu.