Bukukuwan gargajiya da masu yawon buɗe ido: wa ke riƙe da wa?

Da gaske bukukuwan gargajiya na ja baya?

Manya irin bikin Rio na Brazil suna nan da ƙarfinsu. Na ƙauyuka da ƙananan garuruwa ne ke ɓacewa.

Me ke kashe su?

Rashin magada ne kan gaba. Kafin ranar biki akwai watannin shiri: masu kiɗa, masu ɗinka kayan ado, da dattawan da suka san abin da ake fara yi da wanda ke biyo baya. In matasa sun watse birane neman na kansu, wannan ilimi sai ya bi dattawa kabari. A Japan, wurin ibadar Kokusekiji da ke lardin Iwate ya yi bikin Somin-sai na ƙarshe a Fabrairun 2024, bayan sama da shekara 1,000 ana yi. 'Yan kallo na zuwa, amma masu ɗaukar nauyin shirin sun tsufa, babu mai karɓa.

Rashin tsaro ma na taka rawa. Bikin Sahara na Mali, wanda aka fara a 2001, ba a sake yin sa a Timbuktu ba tun 2012.

To, baƙi ba za su ceci biki ba?

Suna ceto, amma da sharaɗi. Kuɗinsu na shiga hannun masu masauki, direbobi da masu sana'ar hannu, kuma hakan kan sa gwamnati ta waiwayo. Dubi Inti Raymi, bikin girmama rana na al'ummar Inca a ƙasar Peru. Turawan Sifaniya sun haramta shi, aka farfaɗo da shi a Cusco a 1944, yau kuma duk 24 ga Yuni gari cika yake. Sai dai yanzu wasan kwaikwayo ne da ake sayar wa tikiti. A ganina nan haɗarin yake: da zarar an fara gajarta rawa ko sauya rana don jin daɗin baƙo, 'yan gari sai su koma 'yan kallo a bikinsu.

Shiga jerin al'adun gargajiya na UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, fa?

Shiga jerin, wanda yarjejeniyar 2003 ta kare al'adun gargajiya ta kafa, na jawo suna da baƙi, yarjejeniyar kuma ta ɗora wa ƙasar da bikin yake alhakin kula da shi. Koyar da yara kiɗan da waƙoƙin kuwa aikin mutanen garin ne.