Gishirin da yake narkar da kara: tambayoyi da amsoshi

Magana ce kan wani irin gishiri mai kama da ruwa da masana ke haɗawa da asid don su mayar da kara da totuwar masara sinadaran masana'antu.

Wai gishiri ne ko ruwa ne?

Gishiri ne, amma ba irin na miya ba. Na miya sai zafi ya kai digiri 801 na Selsiyos kafin ya narke, shi kuwa wannan da masana ke kira ayonik likwid ƙasa da digiri 100 ya zama ruwa, wasu ma a ajiye cikin kwalba a ɗaki ruwa ne, ba tare da an zuba musu ko ɗigon ruwa ba. Tun 1914 Paul Walden ya haɗa irinsa, wanda ke narkewa a digiri 12. Yawancinsu sun fi ruwa kauri, kuma ba sa tashi su bi iska kamar fetur.

To me ya haɗa shi da kara da totuwar masara?

Ɗauki karan dawa ka ɓare shi ka gani. Abu uku ne a ciki, selulos da hemiselulos da lignin. Biyun farko sukari ne a ɗaure, shi kuma lignin kamar danƙo ne da ya riƙe su gam. Selulos ɗin nan taurin kai gare shi, auduga ma kusan duk selulos ce, ka jiƙa ta shekara guda ba za ta narke ba. A 2002 ne Robin Rogers da abokan aikinsa a Jami'ar Alabama ta Amurka suka nuna wani nau'in gishirin nan yana narkar da selulos, daga nan fa kowa ya ɗauka.

Shi asid ɗin meye aikinsa?

Narkarwa daban, tsinkawa daban. Gishirin zai warware selulos ɗin amma sai asid ya yayyanka shi ya koma gulukos, wato wani nau'in sukari, sannan ya ci gaba da cire masa ruwa har ya zama wani abu. Dabarar ita ce a saka asid ɗin a jikin gishirin kansa, kaga abu ɗaya na aiki biyu kenan, shi ne mai narkarwa shi ne mai yanka.

Me ake samu daga ƙarshe?

Daga gulukos ana samun wani sinadari da ake kira HMF, idan aka ƙara dafawa ya koma wani sinadarin, lebulinik asid. Daga hemiselulos kuma wani sinadari mai suna furfural, wanda ba sabo ba ne ma, tun shekarun 1920 kamfanin Quaker Oats ke yinsa da ɓuntun hatsi, yanzu kuma Sin ce kan gaba, da totuwar masara suke yi, totuwar da mu ke hura wuta da ita. HMF ɗin shi ake wa rububi saboda daga shi ake yin wani sinadari mai suna FDCA, da shi kuma a yi robar kwalba da ba ta fito daga man fetur ba. A 2007 wasu masana a Amurka suka sa sinadarin kromiyom cikin gishirin suka samu kusan kashi 70 na HMF daga gulukos.

To me ya hana a cika duniya da masana'antu?

Kuɗi, malam. Irin da aka fara amfani da su tsada gare su sosai, idan ba ka iya tace shi ka sake amfani da shi sau da yawa ba to asara ce kawai. Kuma ɗan ruwa ya shiga sai ya daina narkar da selulos, ga kara ba ya rabuwa da danshi. Ga wani baƙin dauɗa da ake kira humin da ke fitowa yana cinye sukarin, ga asid na cin ƙarfen tukunya, kromiyom kuma ba abin wasa ba ne wajen guba. Da farko ana ta cewa ba su da illa ga muhalli tunda ba sa tashi, daga baya aka ga wasunsu guba ne ga kifi.

Ni dai inda na fi sa ido shi ne aikin Imperial College ta Landan, su Jason Hallett da Tom Welton. Suka bar masu tsadar suka haɗa nasu gishirin daga wani sinadari mai araha da ake kira amin da kuma salfurik asid, ya cire lignin ya bar selulos, kuma yana aiki ko da ruwa a ciki. Kamfanin Lixea da ya fito daga aikin ya kafa masana'antar gwaji a Suwidin.