Kafin F-35: Yadda Cinikin F-15 na 1978 Ya Shata Hanyar Sayen Jiragen Yaƙin Saudiyya

Tun watan Nuwamba na 2025, da shugaban Amurka ya ce ƙasarsa za ta sayar wa Saudiyya jirgin F-35, maganar ba ta bar bakin jama'a ba. A wuraren shan shayi na Shari'a Mansur a Makka da Hindawiyya a Jidda, har da zaurukanmu na WhatsApp, an rabu biyu. Wasu na cewa an gama, jirgin da rada ba ta gani sosai yana hanya. Wasu kuma na cewa ko ya zo, ba irin wanda ke hannun Isra'ila za a kawo ba. 'Yan'uwa, wannan gardama ta girmi yawancin masu yin ta, kuma tushenta yana cikin wani ciniki da aka ƙulla a 1978.

Abin da ya gabaci shekarar sananne ne. A tsakiyar shekarun 1960, lokacin yaƙin basasar Yaman, aka sayo jirgin Lightning daga Ingila, mai saurin hawa sama amma mai shan mai, wanda ba ya jimawa a iska. A shekarun 1970 aka ƙaro F-5 daga Amurka, ƙarami mai sauƙin gyara. Babu ɗaya a cikinsu da zai iya tsare ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan 2, inda daga Zahran zuwa Khamis Mushait kaɗai ya haura kilomita 1,100. Ana bukatar jirgi mai inji biyu, mai dogon zango, mai rada da ke gani nesa har ƙasa da shi. F-15 ke nan.

Ranar 15 ga Mayu 1978 majalisar dattawan Amurka, da ƙuri'a 54 da 44, ta ƙi toshe cinikin da ya haɗa ƙasashe uku: F-15 guda 60 ga Saudiyya, F-5E guda 50 ga Masar, sai F-15 guda 15 da F-16 guda 75 ga Isra'ila. Wannan ƙuri'a ake tunawa. Abin da aka fi mantawa shi ne alkawuran da aka rubuta wa majalisar kafin ta kaɗa ta, game da abubuwan da F-15 ɗin Saudiyya ba zai zo da su ba, don kada ya zama barazana ga Isra'ila. A nan duk maganar take.

Na farko, tankunan mai da ake mannawa a jikin jirgin. Guda biyu ne, kowanne yana kwance a gefen ramin shan iskar inji, ƙarƙashin gindin fiffike, yana ɗaukar kusan lita 2,800. Amfaninsu shi ne ba sa cin gurbin rataya makami, kuma ba sa tare iska kamar tankin ratayawa. In babu su, matuƙi sai ya dogara da tankunan ratayawa guda uku, kowanne kusan lita 2,300, masu nauyaya jirgi, waɗanda sau da yawa sai an yar da su kafin a shiga arangama. An kuma ce ba za a ba da jirgin da ke shayar da mai a sama ba. Haɗa biyun, za ka ga an taƙaita nisan da jirgin zai je ya dawo, da tsawon lokacin da zai yi yana sintiri a kan rijiyoyin mai.

Na biyu, maratayin bama-bamai mai ɗaukar guda shida a gurbi ɗaya. Rashinsa ya tsayar da F-15 ɗin a aikin kare sararin sama kawai. Na uku, wurin kwana: an fahimci cewa ba za a ajiye jiragen a Tabuka ba, sansanin da ke kusan kilomita 200 daga Eilat, garin da ke kudancin Isra'ila. Shi ya sa aka raba su tsakanin Zahran da Ɗa'ifa da Khamis Mushait. Daga baya aka ƙara da ƙayyade adadi, cewa kada jiragen da ke cikin ƙasar su wuce 60 a lokaci guda.

Akwai kuma batun makami mai linzami na kusa, mai bin zafi. Samfurin da aka fara haɗa jirgin da shi sai matuƙi ya kewaya bayan abokin gaba, inda hayaƙin inji yake, kafin idon makamin ya kama. Sabon samfurin AIM-9L yana kamawa ta gaba da gefe. Ga mai faɗa a sama wannan bambanci na daƙiƙoƙi ne, kuma a cikin daƙiƙoƙin ake rai ko mutuwa.

Darasin da ya fito fili shi ne sunan jirgi bai gaya maka ƙarfinsa ba. F-15 biyu za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa a filin jirgi, fenti kaɗai ya bambanta su a ido, alhali ɗaya yana iya abin da ɗayan ba zai iya ba. An sayar maka da doki, amma tsawon linzamin a takarda aka rubuta shi. A ganina wannan tsari, wato a amince da gangar jirgi sannan a yi ciniki daban a kan abin da ke cikinsa, shi ne ya mulki duk sayayyar da ta biyo baya.

Juyin juya halin Iran na 1979 da ɓarkewar yaƙin Iran da Iraƙi a 1980 sun sassauta wasu sharuɗɗan. Ranar 28 ga Oktoba 1981, da ƙuri'a 52 da 48, aka bar cinikin jiragen leƙen sararin sama na AWACS guda 5 ya wuce, tare da jiragen shayar da mai, da tankunan mannawa, da AIM-9L. Maratayin bama-bamai bai biyo ba. F-15 ya fara isowa a 1982, kuma ranar 5 ga Yuni 1984 ya kakkaɓo F-4 na Iran a kan tekun Fasha, da taimakon AWACS na Amurka da ke nuna masa hanya. Da ya bayyana cewa ƙarin F-15 mai kai hari ƙasa ba zai samu ba, sai aka juya Ingila a 1985: Tornado guda 72 da jiragen horo, ana biya da ɗanyen mai. Haka rundunar ta zama mai gida biyu, da ɗakunan kayan gyara iri biyu, da horon makanikai iri biyu. Tsada ce ta dindindin, kuma daga sharuɗɗan 1978 ta samo asali.

Bayan yaƙin Kuwait aka yarda da F-15S guda 72, ɗan'uwan F-15E mai kai hari, sai dai radarsa an rage mata kaifin zana taswirar ƙasa, na'urar saita makaminsa ma sassauƙan samfuri ce. Cinikin jirgin yaƙi na Typhoon guda 72 daga Ingila ya biyo a 2007. F-15SA guda 84, da aka ƙulla a 2011, ya zo da rada ta zamani da sarrafa fukafukai ta kwamfuta, kuma na farkonsu sun sauka a Disamba na 2016, watan da Isra'ila ta karɓi F-35 nata na farko. Tun 2008 ma doka ce a Amurka cewa kowane cinikin makamai a yankin sai an tabbatar bai taɓa fifikon sojin Isra'ila ba.

To me za a iya ragewa a F-35? A 1978 abin da aka hana ƙarfe ne, ana ganinsa da ido, bakanike zai iya nuna maka gurbin da babu kowa. A F-35 ƙarfin yana cikin manhaja. Jirgin yana gane rada da makaman abokin gaba ne ta wani kundin bayanai da ake haɗawa a ɗakunan bincike a Amurka, ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci. In kundin ya tsufa, jirgin zai ji sigina ya kasa tantance ta wace ce. Odar kayan gyara da lissafin lafiyar kowane ɓangare suna bi ta wata hanyar kwamfuta da ke haɗe da duk ƙasashen da ke da jirgin. Fatar jikinsa mai shanye hasken rada tana son gyara a rumfa mai daidaitaccen zafi da laima, domin ƙaramin ɓarewa a bakin wata ƙofa yana ƙara bayyana shi. Ga kuma yashi: ƙurar da inji ya zuƙa tana narkewa a ɓangarensa mafi zafi, ta daskare kamar gilashi, ta toshe ƙananan ramukan da ke sanyaya fukafukan injin. F-15 yana da inji biyu, F-35 ɗaya gare shi.

Saboda haka tambayar da ta dace a zaurukanmu ta wuce ko guda nawa za a kawo. Wace rada, wane samfurin manhaja, waɗanne makamai aka yarda a rataya, a ina za a yi babban gyaran inji, kuma wa zai iya buɗe kundin bayanan? Ƙasar da ba ta ƙera jirgi ba dole ta yi wannan ciniki, ko wace ce ita. Turkiyya, wadda har ƙera sassan F-35 take yi, an cire ta daga shirin a 2019 bayan ta sayi S-400, makaman kakkaɓo jiragen sama, daga Rasha. Cinikin guda 50 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya tsaya a ƙarshen 2021 a kan sharuɗɗan amfani.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne an fara cike giɓin daga ƙasa. Kamfanin Alsalam da ke Riyad, wanda aka kafa a 1988, yana yin babban gyaran F-15, kuma ya yi aikin mayar da tsofaffin F-15S su koma SA. Shirin 2030 na gyaran tattalin arzikin Saudiyya ya sa burin kashe rabin kuɗin kayan soja a cikin gida, daga kusan kashi 2 cikin 100 da aka faro da shi. Amma injiniyan da zai iya rubuta manhajar rada ba a shekara biyar ake samar da shi ba, kuma yaran da ke karatun fasaha yanzu a Jidda da Zahran, har da namu, su ne za su tarar da wannan aikin.