Hoton faifai: yadda ake adana kwamfuta ɗungurungum a dawo da ita idan ta lalace

"Sai dai a yi mata fomat." Wannan ce amsar da mutum ya fi ji idan ya kai kwamfutar da ta ƙi tashi wurin mai gyara. A goge komai, a zuba sabuwar Windows, sannan mai ita ya koma ya shafe kwana da kwanaki yana neman manhajojinsa, yana saita firinta, yana ƙoƙarin tuna kalmomin sirri. Akwai hanyar da ke rage wannan wahala ta koma aikin awa ɗaya ko biyu, ita ce ɗaukar hoton faifai. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Mene ne hoton faifai, kuma me ya bambanta shi da kwafe fayiloli a filash?

Idan ka kwafe takardunka da hotunanka a filash, kayan da ke cikin shago ka kwashe. Hoton faifai kuwa shagon ne gaba ɗayansa, da kantocinsa da wayoyin wutarsa da makullin ƙofa, kowane abu a inda ka bar shi.

Faifan kwamfuta a rarrabe yake yanki-yanki. Akwai babban yankin da muka sani da C, akwai kuma wasu ƙanana da Windows ba ta nuna maka su: wanda kwamfuta ke karantawa lokacin tashi, da wanda ake gyara da shi idan an sami matsala. Manhajar ɗaukar hoto tana karanta duk waɗannan, haɗe da taswirar yadda aka raba faifan, ta dunƙule su ta ajiye a wani wuri. Ranar da ka mayar da hoton, kwamfutar za ta tashi daidai yadda take a ranar da aka ɗauka. Jan fayiloli da hannu ba ya yin haka. Ko da ka kwafe foldar Windows kacokan zuwa sabon faifai, ba za ta tashi ba.

Na ji ana cewa a kwafe faifai kai tsaye zuwa wani faifan. Abu ɗaya ne?

Kusa suke, amma amfaninsu ya bambanta. Kwafi kai tsaye yana cinye faifai na biyu gaba ɗaya, ya mai da shi tagwayen na farko, kuma shi ake yi idan za a cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri wanda ba ya juyawa. Hoto kuwa fayil ne, ana matse shi, kana iya tara uku ko huɗu na lokuta daban-daban a faifan waje guda. Don ajiyar ko-ta-kwana, hoto ya fi.

Wace manhaja ya kamata in yi amfani da ita?

Tsofaffin masu gyara har yanzu Ghost suke kira, domin ita ce ta yi tashe shekara da shekaru. A New Zealand aka ƙirƙire ta, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998, sannan ya daina sayar da Norton Ghost ta masu kwamfutar gida a 2013. Kada ka dogara da tsohuwar Ghost da ke yawo a filash ɗin mutane, domin kwamfutocin yanzu sun sauya tsarin tashi da na raba faifai.

A yau, wadda na fi ba da shawara ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce Clonezilla. Kyauta ce, daga wata cibiyar binciken kwamfuta ta ƙasar Taiwan ta fito, kuma tana aiki da faifan Windows da na Linux. Aibinta shi ne fuskarta: rubutu ne zalla, babu linzami, da kibiyoyin allon rubutu ake zaɓe. Wanda hakan ke ba shi tsoro ya nemi Rescuezilla, ita ma kyauta ce, tana da maɓallan da ake dannawa, kuma tana karanta hotunan da Clonezilla ta ɗauka.

Akwai kuma masu aiki daga cikin Windows ba sai an kashe kwamfuta ba. Macrium Reflect ta Ingila na cikin fitattu, sai dai kamfanin ya janye tallafi daga samfurinta na kyauta a farkon 2024. Acronis True Image ta kuɗi ce. Veeam Agent tana da samfurin kyauta na kwamfuta ɗaya. Irin waɗannan suna iya ɗaukar abin da ya canza kawai tun daga hoton baya, abin da Clonezilla ba ta yi.

Ita kanta Windows tana da nata a ɓoye cikin Control Panel, ƙarƙashin Backup and Restore (Windows 7). Yana aiki har yanzu, amma tun 2017 Microsoft ta sanar cewa ta daina bunƙasa shi, ta ce a nemi na wasu kamfanoni. Ni dai ba zan ɗora amanar kwamfutar ofis a kan abin da mai shi ya saki ba.

To, yaya ake ɗaukar hoton da Clonezilla?

Kana buƙatar filash ƙarama da za a zuba Clonezilla a ciki, da manhajar da za ta zuba ta, wato Rufus ko Ventoy, da kuma faifan waje inda hoton zai zauna. Kafin ka fara, kashe Windows kisa na gaske: riƙe Shift sannan ka danna Shut down. Dalili shi ne kashewar yau da kullum a Windows 10 da 11 rabin barci ce, tana barin faifan a wani hali da zai iya sa manhajar ta ƙi karanta shi.

Soka filash, kunna kwamfuta, ka danna maɓallin zaɓen wurin tashi. A Dell da yawancin Lenovo F12 ne, a HP kuma F9. Idan Clonezilla ta buɗe, zaɓi device-image, sai local_dev, ka nuna mata faifan waje. Daga nan Beginner, sannan savedisk.

A nan ne ake so ka natsu. Clonezilla ba ta san C ko D ba. Sunayen da za ka gani su ne sda, sdb, ko nvme0n1, kowanne da girmansa da sunan kamfanin da ya ƙera shi a gefe. Karanta layin har ƙarshe. Idan ka san na cikin kwamfutarka 256 GB ne, na waje kuma 1 TB, girman kaɗai ya isa ya raba maka gardama. Ba wa hoton suna mai kwanan wata da sunan kwamfutar. Idan ta tambaye ka ko ta duba hoton bayan ta gama, amsa mata da e. Mintocin da za ta ƙara ba asara ba ne.

Nawa zai ci na wuri da na lokaci?

Manhajar ba ta ɗaukar wurin da babu komai. Faifai mai 500 GB da aka cika 100 GB nasa, hotonsa ba zai wuce 100 GB ba, galibi ma ƙasa da haka saboda matsewa, sai dai bidiyo da hotuna ba sa matsuwa sosai. Lokaci kuma ya dogara da ramin USB. Tsohon USB 2.0 yana tura kamar 30 zuwa 35 MB a daƙiƙa, wato 100 GB zai doshi awa guda. USB 3.0, mai shuɗin harshe a yawancin kwamfutoci, zai iya gamawa cikin minti ashirin ko kusa da haka.

Sai maganar wuta, wadda mu a nan ba ma wasa da ita. Idan aka ɗauke wuta ana tsakar ɗauka, hoton ne kawai ya lalace, sai a sake. Idan kuwa ana tsakar mayarwa ne, faifan zai zauna rabi da rabi, kwamfutar ba za ta tashi ba sai an sake mayarwar daga farko. Ka cika cajin laftof, ita kuma ta tebur a jona ta da UPS ko inbata.

A ina zan ajiye hoton?

Ba a cikin faifan da aka ɗauka ba. Mutane da yawa suna zuba shi a D suna ganin sun tsira, alhali C da D yankuna ne na faifai guda. Ranar da ya mutu, tare za su tafi.

Kuma idan ka gama, zare faifan wajen ka ajiye shi. Bairos ɗin nan mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa yana bin duk faifan da ya tarar a jone. Irinsa ne WannaCry, wanda a watan Mayun 2017 ya bazu a ƙasashe sama da 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama a Ingila. Hoton da ke cikin durowa a kulle, babu bairos ɗin da zai kai gare shi.

Masana suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban. Ga mai shagon buga takardu, ma'anarta faifai ɗaya a shago, ɗaya a gida, saboda gobara da ɓarawo ba sa bambance kwamfuta da faifan da ke gefenta. Tura hoto mai 80 GB zuwa intanet da kuɗin data irin namu ba abu ne mai sauƙi ba, don haka a bar Google Drive da OneDrive wa takardu masu muhimmanci.

A yi hattara da filash da faifan jabu, wanda za a rubuta masa 1 TB a jiki alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Zai karɓi hoton kamar lafiya lau, sai ranar buƙata ka tarar babu komai. Ƙaramar manhaja mai suna H2testw tana cika shi ta sake karantawa, ta faɗa maka ainihin girmansa.

Sau nawa zan riƙa ɗauka?

Hoto mafi daraja shi ne na ranar da ka gama saita kwamfuta tsaf, kafin datti ya shiga. Wannan ka adana shi, kada ka goge. Bayan haka, sau ɗaya a wata ya ishi yawancin mutane, da kuma kafin duk wani babban sauyi, kamar ƙaura zuwa Windows 11 tunda tallafin Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025. Takardun da kake aiki a kansu kullum kuwa, su sai an riƙa kwafe su daban a kai a kai, domin hoto ba ya sanin abin da aka yi bayan ɗaukarsa.

Ta yaya zan tabbatar hoton zai yi aiki ranar da na buƙace shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Saƙon "an gama" da ka gani a allo ba shaida ba ce cewa kwamfuta za ta tashi daga hoton. Shaida ɗaya ce: ka sami wani faifai da babu abin kirki a ciki, ka cire na kwamfutar ka ajiye gefe, ka sa wancan, ka mayar da hoton a kansa, ka ga Windows ta buɗe da idonka. Ko sau ɗaya ka yi, za ka san hanyar, hannunka ba zai yi rawa ba ranar da abin ya faru da gaske. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu amfani da Macrium, Acronis ko Veeam su haɗa filash ɗin ceto, wadda ake tayar da kwamfuta da ita don mayar da hoton, tun yau, su gwada cewa kwamfutar tana tashi daga gare ta kuma tana ganin faifan waje. Idan Windows ta mutu, ba ka da inda za ka haɗa filash ɗin sai ka yi aron kwamfutar wani.

Mayarwar kanta bin sawun ɗauka ce, sai dai restoredisk za ka zaɓa. Tana shafe duk abin da ke faifan da ka nuna mata, shi ya sa Clonezilla ke tambaya sau biyu kafin ta fara. Idan akwai sababbin fayiloli a faifan kuma yana karantuwa, kwashe su tukuna.

Zan iya mayar da shi a wata kwamfuta daban, ko a faifai ƙarami?

Windows 10 da 11 sukan tashi a wata kwamfutar su nemi direbobinsu da kansu, amma ba kullum ba. Dole tsarin tashi ya dace: hoton kwamfuta mai sabon tsarin tashi, wato UEFI, ba zai tashi a wadda aka saita da tsohon tsarin, wato BIOS, ba. Lasisin Windows ma yana ɗaure da madabod, zai iya neman a sake kunna shi.

Faifai ƙarami kuwa, Clonezilla tana so wurin da za a mayar ya kai na asali ko ya fi shi. Mai son sauka daga 500 GB zuwa SSD mai 256 GB sai ya nemi manhaja irin Macrium mai daidaita girma lokacin mayarwa.

Kwamfutata tana da BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifai. Akwai matsala?

Akwai abin lura. Sababbin kwamfutocin Windows 11 da yawa suna zuwa da faifai a kulle ba tare da mai su ya sani ba. Clonezilla ba ta ganin abin da ke cikin kullallen yanki, sai ta kwafe shi baki ɗaya, har da wurin da babu komai, hoton ya yi girman yankin kansa. Manhajojin da ke aiki daga cikin Windows ba su da wannan matsala, sai dai hoton nasu a buɗe yake, sai ka sa masa kalmar sirri. Ko wacce ka bi, nemo makullin ceto mai lambobi 48, wanda galibi yake cikin asusunka na Microsoft, ka rubuta shi a takarda.

Faifan ya riga ya fara ƙara yana sanƙarewa. In ɗauki hoto yanzu?

Kashe shi tukuna, domin kowane kunnawa na iya ƙara masa rauni. Manhajojin da muka ambata an yi su ne don lafiyayyen faifai, sukan tsaya idan sun ci karo da ruɓaɓɓen wuri. Aikin nan na manhajar GNU ddrescue ne, wadda ke fara kwashe wuraren da ke karantuwa, sannan ta dawo kan masu wuya. Idan abin da ke ciki ba shi da madadi, a kai wa ƙwararre, kuma a gaya masa ƙarara kada ya yi fomat.

Ina kula da kwamfutoci da yawa a cibiyar jarrabawar CBT. Zai taimaka mini?

Ƙwarai, a nan ma ya fi nuna amfaninsa. Ka saita kwamfuta ɗaya tsaf, ka gudanar da Sysprep na Microsoft don ya cire alamomin da suka keɓanta da ita, sannan ka ɗauki hotonta. Clonezilla tana da samfurin uwar garke mai watsa hoto guda ga kwamfutoci da dama a lokaci ɗaya ta wayar sadarwar cikin ɗaki. Zai fi tafiya daidai idan kwamfutocin iri ɗaya ne, kuma kowacce tana buƙatar lasisinta da sunanta na daban a kan hanyar sadarwar. Idan ɗaya ta rikice ana gobe jarrabawa, sai a mayar mata da hoton daga faifan waje, a sauya mata suna, ta koma layi.